Faya-fayen Asabar na Kawu

Kawuna ya rasu ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a kujerar ɗinkinsa, almakashi a hannu. Bai yi jinya ba, bai wahalar da kowa ba. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Mun faɗa mun sake faɗa, har harshe ya saba tun zuciya ba ta yarda ba. Washegari aka kai shi makwancinsa, aka dawo aka shimfiɗa dardumai a gidansa da ke gabashin Greensboro ta ƙasar Amurka, maza a garej, mata a falo.

Kwana biyun farko zaman makoki ne irin wanda kowa ya sani. Mutanen Damagaram garinmu sun zo, na Maraɗi sun zo, ga kuma Kanawan da ke karatu a jami'a. Kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce Kawu ne ya ɗauko shi a tashar bas ta cikin gari ranar da ya sauka, ko rigar sanyi babu a jikinsa. Wata ta ce babu Sallar da ya taɓa saɓa mata alkawarin ɗinki, abin da duk wanda ya san tela zai tabbatar maka karama ce. Liman ya ce a sahun farko ya san shi. Duk gaskiya suka faɗa. Ina zaune ina amsa amin, amma raina bai gamsu ba, don akwai abin da babu wanda ya taɓo.

Rana ta uku bayan azahar sai ga wata farar ƙaramar bas ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauko da matakala. Tsofaffi ne baƙaƙen Amurka, maza da mata, wasu da sanda, wasu da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa. Matan sun ɗora hulunan zuwa coci masu faɗi kamar faifan tankaɗe. Wata Hajiya ta raɗa mini, “Ke, ko sun ɓata hanya ne?”

Ba su ɓata ba, ni na buga waya na sanar da su. Wata daga cikinsu ta miƙo babbar tukunyar dafaffen ganye, ta ce da Turanci kada mu ji tsoro, da naman talotalo aka dafa, marigayi ya daɗe da koya musu abin da muke ci da wanda ba ma ci. Wani dogon tsoho kuwa ya wuce garej, ya cire hularsa a gaban maza, ya ɗaga murya don kunnensa ya yi nauyi, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin mai iya rawa kamar wannan bawan Allah ba.

An ce Liman ya yi tari har sau uku. Waɗanda ba su jin Turanci sosai suka tambayi na kusa da su me ya ce, na kusan kuwa suka ce ai yabon marigayi yake yi. Kafin la'asar magana ta gama zagaya gidan: ashe Alhaji tela, mai carbi da farin gemu, rawa yake zuwa yi duk ranar Asabar.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Karatu ya kawo ni ƙasar nan, a gidansa na zauna shekara shida, kuma tun da idonsa ya fara rauni ni nake tuƙa shi. Saboda haka babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ni ya fara nema bayan bas ɗin ta tafi. Taubashina ne, tun muna yara nake tsokanarsa, ko da yake shi mutum ne da ko dariya zai yi sai ya fara tunanin hukuncinta. A bayan gida ya tsare ni, idonsa jawur.

“Kin ga abin da nake gudu ko?” ya ce. “Akwatin nan na faya-fayan kiɗa, ranar sadakar bakwai in an watse zan saka shi a motata tirak in kai bola.”

Na ce, “Yaya, kayan mutum ne fa.”

Ya ce, “Shi ya sa. Duk faifan da aka kunna bayan ransa, shi za a rubuta wa. Yana kabari, ba ya iya kare kansa. Ke kina son waƙa, ni ubana nake so.”

Na juya na koma falo ina jin haushin kaina. Kwana huɗu ke nan suka rage wa akwatin. Ni kuwa na san in ya tafi, Asabar ɗin tsofaffin nan ta tafi, kuma akwai wata tsohuwa guda a gidan kula da tsofaffin da suke zaune da ba a ma gaya mata Kawu ya rasu ba.

Akwatin na katako ne, a ƙarƙashin teburin yankan yadi yake zama, kusa da garmahonsa. Cikinsa faya-fayai ne na kiɗan baƙaƙen Amurka na da, wanda suke kira sol: ganga mai nauyi, kakaki iri-iri, da mawaƙan da ke rera waƙa kamar ana cire musu rai. In Kawu ya rufe ƙofar garej ya ɗora faifai, ƙafarsa a kan keken ɗinki kiɗan take bi. Ya kan ɗaga wando ya nuna mini lafin ƙafar ya ce, “Dubi nan, da mai sauri na ɗinka shi, ko kaɗan bai karkace ba.” Babbar riga kuwa sai da mai sanyi, wai aikin wuya ba ya son gaggawa. Ana ganin watan azumi sai ya goge garmaho ya lulluɓe shi da zane, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan Sallah da kwana shida.

A Damagaram ya ɗauko abin, tun yana saurayi mai koyon ɗinki. Akwai wani hoto da yake ɓoyewa a aljihun keke: shi ne tsaye, siriri kamar kara, gashi tuli guda, wando ya matse cinya ya baje a ƙasa, takalmi mai dunduniya kamar turmi. Ranar da na fara gani sai da na zauna a ƙasa don dariya.

“Yi dariyarki,” in ji shi. “Wannan wandon ni na ɗinka, kuma rabin samarin unguwarmu sai da suka zo na yi musu irinsa. Ranar Asabar da yamma in muka haɗu a tsakar gidan wani ɗan lakwal, ɗan boko ke nan, aka sa batir a garmaho, wallahi har kaji sai sun ba mu wuri.”

Na tambaye shi ko suna jin abin da ake faɗa a waƙoƙin. Ya ce ko kalma ɗaya, Faransancin ma da ƙyar, amma haka suke bi da ƙarfi kowa da nasa Turancin. Sunayen mawaƙan ma sun fi ƙarfin bakinsu, sai suka raɗa musu nasu daga hoton bangon faifai. Akwai Mai Gumi, akwai 'Yan Huɗu Masu Kwat, akwai Mai Wushirya. Sama da su duka akwai Mai Jar Riga. Faifai ɗaya tak suka san ta da shi, amma shi ake sawa a ƙarshe, in an ga ƙafafu sun fara sanyi.

Faɗanmu na farko da shi a kan waya ne. Wata rana na ga yana fama da allurar garmaho, idonsa bai gani sosai, sai na ce masa cikin gwaninta, “Kawu, ka huta mana. Duk waƙoƙin nan suna cikin wayata, dannawa ɗaya ne.” Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce waƙar da ba ka iya riƙewa da hannu biyu ka hure mata ƙura, wannan ba taka ba ce, haya kake. Kwana biyu in na gaishe shi sai ya amsa da “lafiya” a taƙaice. A rana ta uku ya kira ni garej, ya turo mini kujera.

“To, malamar waya. Tambayar mini ita, waɗannan mutanen suna raye?”

Haka muka shafe makonni. Ya zaro faifai, in karanta suna, in bincika. Mafi yawansu sun mutu. Duk wanda na ce ya mutu sai ya ajiye almakashi ya ce, “Allah sarki, shi ma ya tafi,” kamar wani maƙwabcinsa ne. In na ce wannan yana raye, sai ya tafa ya ce a nuna masa hotonsa na yanzu, ya ƙare masa kallo ya ce, “Kai, na fi shi kyan tsufa.” Da muka zo kan Mai Jar Riga, waya ta yi shiru. Babu labari, babu hoto, babu ko ta mutu ko tana nan. Kawu ya yi murna da baƙin ciki a lokaci guda. Ya ce, “Kin gani? Wayar taki ba ta san manyan mutane ba.”

Allah da ikonSa, a bakin titi muka same ta. Mutanen nan suna da al'adar baje tsofaffin kayansu a ƙofar gida ranar Asabar da safe, Kawu kuwa ba ya wuce irin wannan wuri, wai ana samun maɓallai masu kyau. Muna cikin tona wani kwali sai ya zaro faifai, jar rigar nan ta bayyana. Matar gidan ta leƙo ta ce, ai wannan gwaggonta ce, faifan ke nan guda da ta taɓa yi, daga baya ta koma dafa abinci a makarantar yara har ta yi ritaya. Tana nan gidan tsofaffi, tafiyar minti kaɗan.

Kawu ya dafa kafaɗata. Ya ce da ni da Hausa, “Ke, riƙe ni.” Shekara talatin da ɗoriya yana garin nan, ashe ita ma tana nan, wataƙila ma sun sha haɗuwa a layin kanti.

Bai yarda mu je a ranar ba. Ya ce ba a zuwa gaida babba hannu rabbana. Asabar ta gaba ya saka babbar rigarsa ta Sallah, ya naɗe turare da dabino a leda, ya rungumi faifansa na asali wanda ya taho da shi tun daga gida. Muka same ta a kujera mai taya kusa da taga, 'yar ƙaramar tsohuwa, hankalinta yana zuwa yana tafiya. Kawu ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Ta ɗauka wani limamin coci ne daga Afirka ya zo neman taimako, ta fara laluben jakarta.

Ya miƙa mata faifan. Cikin Turancinsa mai ɗingishi ya gaya mata daga inda faifan ya fito, da yadda ake ajiye shi sai ƙarshe, da yadda wata rana aka kusa dambe saboda wani ya zauna a kansa. Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, “A can? Kun yi rawa da ni a can?” Ya ce, “Har ƙura ta tashi.” Ta yi wata irin dariya da ta sa ma'aikaciyar jinya leƙowa da gudu. Ta ce a garin nan ko 'ya'yan 'yan'uwanta ba su taɓa sauraronsa har ƙarshe ba.

Daga nan Asabar ta kafu. Bayan azahar mu ɗora akwati da garmaho a bayan mota, in yi ta mita saboda nauyi, shi kuma ya ce ƙuruciyata ta banza ce. A ɗakin cin abincin gidan ake ture tebura gefe. Da farko mutum biyar ne, daga baya har masu shara suna jingine tsintsiya. Kawu ya san faifan da kowa yake so. Ya san wanda in an sa, dogon tsohon nan zai jefar da sanda, ya san wanda ke sa wata kuka don da shi aka yi bikinta, sai ya bi shi nan take da mai zafi kada kukan ya zauna. Mai Jar Riga kuwa, wadda wani lokaci ba ta tuna ko ta ci abincin rana, in nata ya zo babu kalmar da take kuskurewa.

Rawarsa ba ta tsalle ba ce. Kafaɗa ce da ƙafa, fuska a ɗaure kamar yana auna yadi, sai can ya yi wani juyi guda babbar riga ta buɗe, ɗaki ya ɗauki ihu. Matsala ɗaya aka samu: tsofaffin mata suna son ya riƙe hannunsu, shi kuwa Alhaji ne. Mako guda ya yi yana tunani. Asabar ta gaba ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya miƙa wa mace baki ɗaya, ya riƙe ɗayan. Haka ake rawar, tef a tsakani, yana ja tana biyowa, ya saki ta juya. Har layi suke yi. Ya ce da ni a mota, “Inci sittin tsakanina da kowace. In an tambaye ni gobe kiyama, ina da shaida.”

Yaya ya sani, ba wai bai sani ba. Sau ɗaya suka yi ta a gabana. Ya taso daga gidansa na Pleasant Garden musamman, ya zauna a ƙasa cikin ladabi, ya karanto abin da ya karanto, ya ce, “Baba, girma ya zo, me mutane za su ce?” Kawu bai daina ɗinki ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya ce, “Ni ban ce maka halal ne ba, ba ni da ilimin da zan faɗa. Abin da na sani, akwai waɗanda a gidan nan shekara ke zagayowa ba wanda ya leƙa su. In kana da abin da zai tashe su tsaye wanda ya fi nawa, kawo, gobe in rufe akwati.” Sannan ya ce wa Yaya ya miƙe ya auna shi, wandonsa ya ɗage da yawa. Yaya ya ce haka yake so. Aka rabu kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai gane ba.

Shi ya sa a kwana huɗun nan na kasa tsanar Yaya, ko da yake na yi ƙoƙari. Na yi tunanin sace akwatin in kai ɗakin ƙawata, na ga in aka kama ni ba ni da bakin magana, ni ba magajiya ba ce. Na je wurin Liman, ya ce shi ba ya shiga tsakanin ɗa da kayan ubansa. Matar Kawu kuwa, wadda duk muke kira Inna, ta shiga takaba, tana ƙuryar ɗaki da carbinta. Mace ce marar yawan magana, a shekara shida ban taɓa ganin ta taka garej ana kiɗa ba. Ban ga dalilin ƙara mata damuwa ba.

Ranar bakwai aka yi addu'a, aka raba waina da fanke, jama'a suka watse. Yaya ya juyo da tirak ɗinsa baya-baya zuwa bakin garej. Ya sunkuya ya rungumo akwatin, jijiyar wuyansa ta tashi. Ina tsaye ina kallo, hawaye na zuba, ina jin kunyar a ce faifai nake wa kuka. Sai muka ji an buɗe tagar ɗaki.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, “Kai, mai gemu. Ina za ka da kayana?”

Yaya ya tsaya da akwati a ƙirji. “Inna, na Baba ne. Zan…”

“Shigo da shi nan.”

Ya shigo da shi falo yana haki, ya dire a gabanta. Ta ce in ɗauko mata kwano ɗaya daga kicin, kowanne. Na ɗauko. Ta kifa shi. A gindinsa akwai ɗigo uku na jan farce, alamar da take yi wa kwanukanta da tukwanenta kada su ɓace a gidan biki. Duk Bahaushiyar garin nan ta san ɗigo ukun Inna, an sha mayar mata da kwano daga wani gari saboda su.

Ta ce, “Zaro faifai ka juya bayansa.”

Ya zaro. A kusurwar ƙasa, ɗigo uku. Ya zaro wani, haka. Ni ma na sa hannu na zaro na Mai Jar Riga, wanda na ɗauka na ajiye ya fi a ƙirga, ga su nan, sun yi duhu don tsufa. Ban taɓa lura ba.

“Ubanku bai iya komai ba lokacin da na san shi,” in ji Inna. “Tsalle kawai yake kamar an zuba masa garwashi. Mu 'yan lakwal ɗin mata mu muke da garmaho, wata malama ta bar mana. Yayana ne ya roƙe ni in koya wa abokinsa tela taku, kada ya ci gaba da ba su kunya. Da aka kawo lefena, a ƙasan akwatin ƙarshe, ƙarƙashin atamfa, faifai uku ya ɓoye. Da babana ya gani da an fasa auren. Tun daga ranar duk wanda ya saya, ni yake kawo wa ya ce ga naki. Aro yake ɗauka.”

Na dubi tsohuwar nan cikin hijabinta har ƙasa, na rasa inda zan ajiye idona. Na ce, “Inna, ke?” Ta ce, “Ni. Rufe bakinki.”

Yaya ya ce a hankali, “Inna, ni tsoro nake ji masa.”

Muryarta ta sauka. Ta ce, “Na sani, Allah Ya yi maka albarka. To kwantar da hankalinka. Ba kayansa ba ne, ba su cikin gado. In akwai laifi a ciki, nawa ne, ni kuwa ina raye, bakina yana iya istigfari. Bar ubanka ya huta.”

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe saura. Ta ce Asabar guda ta riga ta wuce mutanen nan suna jira. Ita tana takaba, ba ta fita. Ni kuma bayana ba zai iya da akwatin ni kaɗai ba. Kuma an ce akwai wadda ba a gaya wa ba.

“Rasuwar mutum ɗansa ke kai wa abokansa,” ta ce. “Ba 'yar ƙanwa ba, ba ma'aikaciyar asibiti ba. Kai za ka.”

A hanya ranar Asabar ban tsokane shi ba, ko da yake bakina na ƙaiƙayi. Ya shiga da akwatin a kafaɗa, tsofaffi suka bi shi da kallo, don tafiyarsa da tsayinsa na ubansa ne sak. Na nuna masa Mai Jar Riga a bakin taga. Ya tsaya jim, sannan ya cire takalmi ya durƙusa a gaban kujerarta. Ya gaya mata shi wane ne, ya gaya mata abin da ya faru, da Turancinsa mai kyau wanda ranar ya yi ta sarƙewa.

Ban san ko za ta gane ba. Ta gane. Ta ɗora tafin hannunta a kan hularsa, ta rufe ido. Sai ta fara rera waƙar tata, ba ganga ba kakaki, a hankali ƙwarai, waƙar da aka yi don a tashi ƙura. Muryar ta tsufa, tana karyewa a sama, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Yaya, wanda ya wanke ubansa ya sa shi a kabari ido a bushe, ya kifa fuska a hannun kujerar ya yi kuka kamar yaro.

Da ta gama ta buɗe ido ta dubi ɗakin. Ta ce me ake jira, mutumin nan bai taɓa barin su a zaune haka ba. Yaya ya share fuska, ya jona wayar garmaho a bango, ya dube ni ya ce, “Ke sa musu. Ina mota.”

Bai canja ra'ayinsa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya in ce ya canja ba. A mota ya zauna da Alƙur'aninsa yana yi wa ubansa karatu. Amma da aka zo faifan ƙarshe na hango shi ta gilashin ƙofa yana tsaye, ya dawo ɗaukar kaya da wuri. Ya ga lokacin da mata biyu suka kama Mai Jar Riga ta miƙe a kan ƙafafunta, abin da ta yi wata da watanni ba ta yi ba.

Da muka koma gida ya mayar da akwatin ɗakin Inna, inda ta ce a riƙa ajiye shi yanzu. Tana kan darduma. Ba ta ɗago ba ta ce, “Sun yi rawa?”

Ya ce, “Sun yi.”

“Ita fa?”

“Ta tashi tsaye, Inna.”

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka fara motsi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ko kuka ne, ko kiɗan take bi a ranta, ban sani ba, ban kuwa tambaya ba. Muka ja mata ƙofa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya faranta masa kamar yadda ya faranta wa waɗanda aka manta da su. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.